Ko Ya Dace Ma'aikacin Jami'a Ya Taimaki Jami'arsa da Kuɗinsa?

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar jami'ar tarayya ce, kuma an roƙe mu mu riƙa ba da wani abu daga albashinmu ga asusun tallafa wa ɗalibai. Wannan ba nauyin gwamnati ba ne?

Amsa: Malama, nauyin yana wuyan gwamnati, kuma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na wata takwas a 2022 ya nuna yadda ta gaza sauke shi. Sai dai kuɗin TETFund, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, galibi wajen gine-gine da bincike da horar da malamai suke tafiya, ba sa biya wa marayan da ya kasa yin rajista kuɗin makaranta, alhali ke kike ganinsa yana zarya a ofishinki. Ki bayar gwargwadon hali muddin babu tilas, kuma ki nemi a riƙa bayyana wa ma'aikata yadda aka kashe kuɗin duk shekara.