Kun Tambaya, Mun Amsa: Zomaye a Harabar Makaranta

Wasiƙun wannan mako daga makarantun Damagaram suka fito, kuma duk a kan zomayen da ake ajiyewa don ƴan makaranta su koyi kula da dabba.

TAMBAYA: Ni daraktan wata makarantar firamare ne a Sabon Gari. An ba mu kyautar zomaye biyu, kafinta ya ƙera mana akwati mai tsawon kamu biyu da rufin kwano da daɓen ragar waya. Ya wadatar?

AMSA: Malam Darakta, bai wadatar ba, kuma in aka bar su a cikinsa har Afrilu da wuya su ga damina. Zomon gida asalinsa daga yankin Sifen da Fotugal yake, dabba ce mai kwana cikin rami mai sanyi. Ya fi sakewa tsakanin digiri 15 zuwa 21. Da zafi ya haura 30 sai ya rage ci, in ya wuce 35 ransa na cikin haɗari. Ba ya gumi yadda mutum ke yi, ta jijiyoyin kunnuwansa yake fitar da zafin jiki. To ka san abin da Afrilu da Mayu ke yi a garin nan, inda rana ke wuce digiri 40 ko a inuwa, balle a ƙarƙashin kwano. Kuma daidai lokacin ana tsakiyar karatu. Don haka duk ginin da za ku yi, ku yi shi da bazara a zuciya, sanyin hunturu ba ya kashe babban zomo in dai iska ba ta bugunsa kai tsaye.

Fara da wuri. A samu gindin itace mai inuwa tun daga hantsi har la'asar, kamar dogon yaro, nesa da filin ƙwallo da ƙofar shiga. Kada a jingina da katangar da ranar yamma ke duka, domin siminti na riƙe zafi har dare. A je a duba wurin da ƙarfe biyu na rana kafin a sa tubali ko ɗaya, inuwar safe tana ruɗi.

Faɗi kuwa, zomaye biyu na buƙatar fili mita 3 a tsawo, mita 2 a faɗi, tsayi mita 1 aƙalla. Ma'aunin mai sauƙi ne: ya iya tsalle uku a jere, ya miƙe kan ƙafafun baya kunnuwansa ba su taɓa rufi ba, ya kwanta ya miƙe sosai. Zomon da ya shekara a akwati ƙashinsa kan yi rauni, ya yi ƙiba, ya koma cizo da yagar hannu, sai a ce mugu ne alhali ƙunci ne.

A kewaye filin da ragar waya mai ƙananan idanu, kada ido ya wuce santimita 2, har sama a rufe saboda kyanwa da shirwa. A binne gindin ragar santimita 50 cikin ƙasa, ko a shimfiɗa tubalin siminti a ƙasa a zuba yashi mai kauri a kai, don zomo mahaƙi ne kuma kare ma yana tono daga waje. Ƙofa ta samu kwaɗo. Rufi na zana ko bunu ya fi kwano nesa ba kusa ba. In kwanon ne kawai a hannu, a ɗaga shi sama sosai, a shimfiɗa karan gero mai kauri a kansa, a bar iska na ratsawa ta gefe. Daɓen waya zalla a cire shi. Tafin ƙafar zomo gashi ne kawai ke kare shi, waya na cinye gashin ta bar gyambon da ba ya jin magani.

A cikin filin a gina ɗan ɗaki na tubalin ƙasa, kimanin santimita 80 da 60, a nutsar da rabinsa cikin ƙasa, da ƙofofi biyu masu faɗin santimita 20, da murfin katako da za a iya ɗagawa a duba ciki. Ƙofa biyu don zomo ba ya natsuwa a maɓoyar da ba ta da mafita. A ɗaga bakin ƙofofin kaɗan saboda ruwan Agusta. Kada a bar su su haƙa ramin kansu mai zurfi: ba a ganin mara lafiya a ciki, kuma ruwa na iya cika shi a dare ɗaya.

In bazara ta kama, a binne tulu cike da ruwa zuwa wuyansa a kusurwa, a rufe bakinsa, za ka ga sun kwanta jikinsa. A rataya jiƙaƙƙen buhun algarara ta gefen da iska ke shigowa, a yayyafa wa yashi ruwa da hantsi. Gorar roba da ta daskare da ƙanƙara, a naɗe da tsumma, ita ma tana taimako. Zomon da ka tarar ya miƙe yana haki, kunnuwa sun yi ja da zafi, hanci da baki a jiƙe, a kai shi wuri mai sanyi nan take, a shafa wa kunnuwansa ruwan randa, a ajiye masa na sha. Kada a tsoma shi cikin bokiti, firgicin kaɗai na iya ƙarasa shi.

TAMBAYA: Malama ce ni a Zango. Yara na kawo musu sauran tuwo da biskit da karas, wasu iyaye kuma sun ce zomo ba ya shan ruwa. Mene ne gaskiya?

AMSA: Malama, maganar rashin shan ruwa ta kashe zomaye da yawa a ƙasar nan. Zomo mai kilo 2 na shan kusan rubu'in lita a yini, da zafi ya ninka, mai shayarwa kuwa tana iya kaiwa lita guda. A sa kasko mai nauyi wanda ba za su kifar ba, guda biyu, a wanke a sake ruwa safe da yamma. Mun san halin famfo a Damagaram, don haka a ware musu jarka ɗaya da ba a taɓawa don wani aiki.

Abinci kuwa, kashi 80 cikin 100 busasshiyar ciyawa ce, kullum tuli kamar girman jikin zomon, kada ta yanke. Dalili biyu ne. Haƙoransa ba sa daina tsiro, na gaba kan ƙaru milimita 2 zuwa 3 a mako, tauna ciyawa ce ke goge su. In babu ita sai su yi zaƙo-zaƙo su soke harshe da kumatu, ya riƙa dalalar da miyau ya bar ci. Na biyu, hanjinsa sai da harza yake motsi. Harawar wake da ta gyaɗa suna da kyau ƙwarai ga ƙanana da masu shayarwa, amma ga manya a gauraya da ciyawa don kada su yi ƙiba. A sansana kafin a saya: harawar da ta yi fumfuna guba ce, zomo ba ya jure ta ko kaɗan. A ajiye ta a kan rumfa, ba a ƙasa ba.

Sai ɗanyen ganye cikin tafi biyu ga kowane zomo: ganyen karas, ganyen dankali mai zaƙi, zogale, salati kaɗan. Na kasuwar Dole ko na garake a wanke shi sosai saboda feshin magani, a bar shi ya tsane. Dusar gero ko ta alkama kada ta wuce giram 50 a yini. Karas kansa ɗan yanki ya isa, sukari ne da shi. Tuwo, biskit, burodi, alewa, duk a hana, suna kumbura ciki kuma zomo ba ya amai. Tumfafiya, zurma, zaƙami, albasa, ganyen tumatir da na dankalin turawa, a nuna wa yara su da ido a ce musu haram ne ga zomo. Duk sabon abinci a shigo da shi kaɗan-kaɗan cikin mako guda.

Wani abu da kan ba yara ƙyama: za su ga zomo na lanƙwasawa yana cin wani kashi mai laushi daga jikinsa. Lafiya ce, ta haka yake samun wasu sinadaran abincin. Kada a hana shi.

TAMBAYA: Ina aji shida. Kowa da kunne yake ɗaukar zomo, amma namu yana ta harbi da ƙafa. Yaya zan ɗauke shi?

AMSA: Ɗiyata, madalla da kika lura. Ɗauka da kunne azaba ce gare shi. Ƙafafunsa na baya sun fi ƙashin bayansa ƙarfi, harbi ɗaya yana rataye na iya karya gadon bayan, ya shanye har abada. Ki sa hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirjinsa, ɗayan ki tallabo ɗuwawunsa, ki manna shi a jikinki. Ki yi haka kina zaune a ƙasa, don ko ya kufce ba zai faɗo daga sama ba. Kada ki kwantar da shi rigingine. Shirun da yake yi a haka tsoro ne.

Ki gaya wa malaminku a riƙa shiga mutum biyu ko uku, ba aji duka ba, minti goma ya isa, kuma da sanyin safe ko bayan la'asar, lokacin da zomo ke kiwo. Tsakar rana lokacin barcinsa ne. In ya buga ƙafa a ƙasa ko ya shige ɗakinsa, a ƙyale shi. A wanke hannu da sabulu kafin da bayan taɓawa, domin makero da ƙazuwa na iya tsallakawa zuwa mutum.

TAMBAYA: Mun fara da biyu, yanzu sun kai goma sha ɗaya. Uwar kuma ba ma ganin tana shayarwa. Daga wani malami a Birni.

AMSA: Malam, cikin zomanya kwana 30 zuwa 32 ne, tana haifar huɗu zuwa takwas ko fiye, kuma tana iya ɗaukar wani cikin a ranar da ta haihu. A raba namijin yau. A yi masa nasa ɓangaren da ragar waya a tsakani, suna ganin juna suna sansanar juna, don zomo ba ya son kaɗaici. Ƴaƴan a yaye su a mako 6, a raba maza da mata kafin wata 3. Maza biyu da suka balaga kan yi faɗa har su yage juna. Ga makaranta, mata biyu ƴan ciki ɗaya da suka tashi tare sun fi sauƙi, ko a nemi likitan dabbobi ya fiɗiye namijin, a jira mako 6 kafin a haɗa su.

Shayarwa kuwa, sau ɗaya ko biyu take yi a yini, minti kaɗan, galibi da dare. A duba ƴaƴan da safe: in cikinsu ya yi tim, jikinsu da ɗumi, sun sha. A tsirara ake haifarsu, ido na buɗewa wajen kwana 10. Yara su yi haƙuri da taɓa su har su fara fitowa da kansu, kuma a kula da cinnaka da kwarkwasa a kewayen sheƙar.

TAMBAYA: Ɗaya kunnensa ya yi ɓamɓaroki yana ta girgiza kai, wani ƙarami kuma na zawo. Mai gadi ya ce a fasa musu kafso a ruwa.

AMSA: Kada a yi. Amoksisilin da ampisilin da danginsu, in zomo ya sha ta baki, suna kashe ƙwayoyin hanjinsa masu amfani, zawo mai tsanani ya biyo baya, ya mutu. Maganin ƙumar kare mai fipronil shi ma kisa ne gare shi. Ɓamɓarokin kunne wasu ƙananan ƙwari ne ke jawo shi, likitan dabbobi zai yi allurar ibamektin gwargwadon nauyi, a maimaita bayan mako biyu, a duba sauran duka. Kada a ɓanɓare ɓawon, da kansa zai zube. Zawon ƙanana sau da yawa koksidiyosis ne, ciwon da wasu ƙwayoyin cuta ke jawowa a hanji, wanda ke yaɗuwa ta kashi a jiƙaƙƙen daɓe. A ware mai zawon, a bar masa ciyawa da ruwa zalla, a kai shi ofishin kula da dabbobi a ranar. A share wurin da suke kashi kullum, zomo kusurwa ɗaya yake zaɓa, a canza yashin wurin kowane mako. Da damina a riƙa duba ƙarƙashin wutsiya, ƙuda na yin ƙwai a jiƙaƙƙen gashi, tsutsa ta fito cikin yini guda.

Zomo na ɓoye ciwo. Wanda ya yi awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, ba a jira gobe da shi. In kuwa manya suka fara faɗuwa farat ɗaya, wani da jini a hanci, a sanar da ma'aikatan dabbobi, akwai annobar zomaye mai zubar da jini wadda aka tabbatar da ita a Najeriya a 2020. Saboda irinta ne duk sabon zomo ake keɓe shi mako biyu zuwa huɗu kafin ya shiga cikin sauran.

TAMBAYA: Idan aka tashi babban hutu fa? Muna tunanin zuba musu abinci da yawa ranar Juma'a, a hutu kuma kowane yaro ya ɗauke su mako guda.

AMSA: Duka biyun ba su yi ba. Ganyen Juma'a ya ruɓe kafin Asabar da yamma, kasko ɗaya ya kife shi ke nan. Yawo da su gida-gida kuwa sauyin abinci ne da firgici da karnuka da kaji, ga ƙannen da za su ja kunne. Zomon gida na iya shekara 8 zuwa 10, zai ga yaran da suka karɓe shi sun gama firamare, don haka amanarsa a wuyan babba take. Hadisin matar da ta kulle kyanwa ba ci ba sha ya isa gargaɗi ga duk mai riƙe da makullin kejin.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin jarrabawar ƙarshen shekara kwamitin iyaye ya zauna ya rubuta sunan babba ɗaya da mataimakinsa, mai gadi ko malamin da ke kusa, wanda zai leƙa safe da yamma har Asabar da Lahadi da ranakun Salla, a yanka masa ɗan alheri. A tanadi ciyawa da harawar wata uku a wuri busasshe, a manna takarda a ƙofa mai ɗauke da awon abinci da lambar likitan dabbobi. In babu wanda zai ɗauki wannan, a miƙa zomayen ga gida ɗaya da ya san kiwonsu, tare da kaskonsu da irin ciyawar da suka saba, su zauna can har a koma aji a Oktoba.