Minti 45 ne jarinka: amsa ga ɗan Kwari da lissafin GMAT ya kayar

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, shekara tara ke nan, kuma ina da digiri a fannin tattalin arziki. Ina so in yi MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, a waje don in faɗaɗa harkar, in riƙa shigo da kaya da kaina. Na je Abuja na rubuta GMAT, jarrabawar neman shiga MBA, na samu 525. A lissafi 74 na samu, lokaci ya ƙare da tambaya huɗu ban ko taɓa su ba. Makarantar da nake nema, ɗalibanta 600 da ɗoriya suke kawowa. Abin da ya fi ba ni haushi, a layinmu ba wanda ya kai ni saurin lissafi. In sake biya in rubuta nan da sati uku, ko in biya wani mai koyarwa da ya ce zai kai ni 700?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka riƙe kuɗinka tukuna, kada ka ba ko ɗaya daga cikinsu. Dokar jarrabawar ta yarda ka sake zama bayan kwana 16, har sau biyar cikin wata 12, amma yardar doka daban, shirin mutum daban. A Amurka ma dala 275 ake biya a cibiya, 300 idan a gida za a rubuta ta intanet. Ka buga wannan da canjin yau, ka ɗora kuɗin mota zuwa Abuja, da masauki, da kwana biyun da ka bar shago a hannun yara. Turmi nawa za ka sayar kafin ribarsu ta cike gurbin? In ka koma nan da sati uku da halin da ka je da shi, sakamakon da ka karɓa shi za a sake miƙo maka.

Mai alƙawarin 700 kuma ka tambaye shi: 700 na wane ma'auni? A Nuwamban 2023 GMAC, hukumar da ke shirya jarrabawar, ta fito da sabon tsari, tsohon ya kau a ƙarshen Janairun 2024. Makin yanzu daga 205 yake zuwa 805, kuma kullum da 5 yake ƙarewa. Abin da ake kira 700 a da, yanzu kusan 645 ne. Wanda bai san wannan ba, tsohon kaya zai sayar maka. Za ka tarar yana ta koya maka lissafin da'ira da kusurwoyi, alhali an cire su daga sashen lissafi.

Mu zo kan makinka. Sassa uku ne: lissafi tambaya 21, fahimtar harshe 23, nazarin bayanai 20, kowanne minti 45, kowanne ana ba shi maki daga 60 zuwa 90, kuma nauyinsu ɗaya a jimla. Idan ka raba, maki ɗaya a kowane sashe yana ɗaga jimla da kusan 6 zuwa 7. Daga 525 zuwa 605 ke nan maki 12 kake nema a tsakanin sassan uku. Ba dole su fito daga lissafi kaɗai ba. Sashen nazarin bayanai, mai jadawali da zane-zanen ƙididdiga, da lissafi aka ƙera shi, don haka duk gyaran da ka yi a ɗaya zai taɓa ɗayan.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Tambayoyi huɗun da ka bari sun fi komai gaya mini ciwonka. Jarrabawar tana hukunta wanda bai gama ba, barin tambaya fayau ya fi yin canke muni. To ina mintunan suka tafi? Ka buɗe cikakken rahoton makinka a shafin mba.com, yana nuna lokacin da ka ɓata a kan kowace tambaya da ko ka same ta. Ina kyautata zaton za ka ga biyu ko uku da suka ci minti biyar-biyar, wataƙila ma ba ka same su ba. Ka san wannan halin a kasuwa. Zane ne ka sayo da tsada, yayinsa ya wuce, ka ƙi karya farashi don zuciya ta ce ai na riga na zuba kuɗi, ya zauna a kanta yana cin ƙura, jarin da ya kamata ya juya sau uku yana kwance. Kwantai ke nan. Tambayar da ka yi minti biyu da rabi a kanta ba ka ga hanya ba ta zama kwantai. Ka karyar da ita: cire amsoshin da suka fito fili ba su ba ne, zaɓi ɗaya cikin sauran, yi mata alama, wuce.

Abin da ke sa mutane kasa wucewa shi ne tunanin makaranta, inda ɗalibin kirki shi ne mai cinye duka. GMAT ba haka take tafiya ba. Tana auna ka ne tana tafe: ka amsa daidai ta ƙara zafi, ka kuskure ta sassauta. Saboda haka haɗuwa da tambayar da ta fi ƙarfinka dole ne, ko wane ne kai. Rasa mai wuya ba ya cutar da kai kamar rasa mai sauƙi da ka yi cikin gaggawa a minti ukun ƙarshe. Sabon tsarin ma ya ba ka ƙofa: idan ka gama da sauran lokaci, za ka iya komawa ka duba, ka canza amsa har uku a kowane sashe. Amma ƙofar ba ta buɗewa sai ga wanda ya kai ƙarshe.

Minti 45 a kan tambaya 21 ya kama minti biyu da daƙiƙa takwas kowace. Kada ka riƙa kallon agogo bayan kowace tambaya, zai tsinka maka zuciya ne kawai. Raba su kashi uku: idan ka gama ta 7, ya kamata saura minti 30, idan ka gama ta 14, saura 15. Kafin ka fara, rubuta waɗannan lambobi a saman allon rubutun da ake ba ka. In ka duba ka ga an bi ka bashin minti uku, to tambaya mai tsawo ta gaba da ba ta yi maka kama da abin da ka saba ba, ita za ta biya.

Saurin lissafin da kake taƙama da shi kuwa gaskiya ne, kuma dukiya ce, domin sashen lissafi ba a yarda da na'urar lissafi ba. A nazarin bayanai kawai ake ba da ita a fuskar kwamfuta. Matsalar ita ce da zarar ka zauna a ɗakin jarrabawa sai ka ajiye kan kasuwa a bakin ƙofa, ka ɗauko na aji huɗu na sakandare, ka fara jera x da y. Dubi wannan: an ƙara wa kaya kashi 25 cikin ɗari, sannan aka yi ragin kashi 20, farashin ƙarshe kashi nawa ne na na farko? Ɗan makaranta zai buɗe baka-biyu yana ninkawa. Kai ka ce kayan naira 100 ne. Ya koma 125. Kashi 20 na 125 shi ne 25. Ya dawo 100 cif. Daƙiƙa ashirin. Ko a ce tela ɗaya yana gama ɗinkin anko cikin kwana 6, wani cikin kwana 3, in sun haɗu fa? Ka ce riguna shida ne. Na farko yana ɗinka ɗaya a rana, na biyu biyu, tare uku, kwana 2 sun gama. Haka nan idan amsoshi biyar ɗin lambobi ne a jere, gwada ta tsakiya a cikin tambayar. In ta yi yawa ka san ɓangaren da za ka nufa. Wannan ba zamba ba ce, hanyar da masu maki mai yawa suke bi ke nan.

Sai dai a nan ma akwai tarkon da aka ɗana wa irinku. Ka sayi shadda 80,000 ka sayar 100,000. A bakin kasuwa ribarka kashi 25 ce, don kan kuɗin saye muke aunawa. Idan tambayar ta nemi riba a matsayin kason kuɗin sayarwa, amsar 20 ce, kuma ka tabbata 25 na nan zaune cikin zaɓin tana jiranka. Yawancin irin wannan faɗuwa daga Turancin tambayar take, ba daga lissafin ba. Kafin ka danna amsa, koma ka sake karanta layin ƙarshe, ka ga me aka ce ka nemo.

Akwai kuma wuraren da kasuwa ba ta koya maka ba, kuma babu dabarar da za ta rufe su sai karatu: halayen lambobi, wato waɗanda ba sa rabuwa da sauran da ke ragewa bayan rabawa, lambobi masu ƙarfi a ka da saiwoyinsu, rashin daidaito mai alamar ya fi ko bai kai ba, ƙirga hanyoyin jera abubuwa, da yiwuwar aukuwa. Shekara tara ba ka taɓa su ba, dole su yi tsatsa.

Don ka san wanne ne naka, buɗe littafi irin na bashi. Duk tambayar da ka faɗi, ko ka samu amma ta haura minti uku, ka shigar da ita, ka rubuta dalili a gefe: ban san ƙa'idar ba, na sani hannu ya kuskure, ban karanta da kyau ba, ko na bi doguwar hanya. Bayan sati biyu ka duba wane dalili ne ya fi cika shafi. Na ga masu warware tambaya hamsin a rana ba sa waiwayar ko ɗaya, wata uku suna nan inda suke. Goma da aka bi diddiginsu sun fi. Kuma ka tsaya kan tambayoyin da GMAC ta fitar da kanta, don na wasu sukan yi wuya ta inda jarrabawar ba ta yi.

Batun lokacin karatu, kada ka yaudari kanka da cewa za ka yi a shago idan ciniki ya lafa. Ba ya lafawa, in ma ya lafa maƙwabci zai shigo hira. Bayan Asuba zuwa lokacin fita kasuwa, awa ɗaya da rabi, waya a wani ɗaki, kwana shida a mako. Sati huɗun farko ka gyara tushe ba tare da agogo ba. Daga nan ka koma tambaya bakwai cikin minti 15, har jikinka ya san tsawon minti biyu ba sai ka duba ba. Sati takwas zuwa goma ya isa a ga canji.

Shafin mba.com yana ba da cikakkiyar jarrabawar gwaji guda biyu kyauta, akwai wasu na saye. Kada ka ƙone su da wuri. Ka zauna musu kamar ranar gaske, awa biyu da kwata, hutun minti goma sau ɗaya, ka gwada jerin sassan da ya fi maka, tunda kai ke zaɓar wanda za ka fara da shi. In kanka ya fi wartsakewa da farko, fara da lissafi. Ranar da gwaji biyu a jere suka ba ka 605 ko sama, kuma ka gama kowane sashe, ranar za ka biya kuɗin rajista, daga ribar da ka ware, ba daga uwar kuɗi ba. Makin yana aiki shekara biyar, babu abin gaggawa sai wa'adin makarantar.

Kafin nan ka rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na makarantar ka tambaye su ko suna karɓar wata jarrabawar mai suna Executive Assessment a madadin GMAT. GMAC ce ta shirya ta don masu shekaru a bakin aiki, tambaya 40 cikin minti 90, kuma da shirye-shiryen MBA na manyan ma'aikata aka fi saninta. Da shekara tara a Kwari, ka cancanci ka yi wannan tambaya. In sun ce GMAT kawai, ka turo mini shafin rahotonka mai nuna lokacin kowace tambaya, mu duba waɗanda suka cinye maka mintunan nan.