Takarda ta ce AA, wata ta ce AS: wacce za mu bi?

Tambaya: Assalamu alaikum. An sa ranar auren ɗana bayan Babbar Sallah, yarinyar kuma AS ce. Ya yi gwajin jinotayif a wani lab na unguwarmu aka ce AA ne. Iyayenta suka nemi a maimaita a wani wuri, sai ya fito AS. Hankalina ya tashi, wacce takarda za mu bi? Daga wata uwa, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ku bi ko ɗaya tukuna. Na san rai ya fi kwantawa da takardar AA, amma ita ce ta fi tsorata ni, domin in ita ce ta kuskure, jikokinki ne za su ɗanɗana. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da sikila. Jinotayif kuwa ba ya sauyawa, da shi ake haihuwar mutum. Lallai wuri ɗaya ya yi kuskure.

Bari in nuna miki yadda muke aikin a lab. Ana fasa ƙwayoyin jinin, a ɗiga a kan wata siririyar farar takarda, a sa ta cikin ɗan akwati mai ruwan sinadari, a jona wuta. Sai jinin ya ja jiki ya rabu layi-layi: A, wato lafiyayyen nau'in sinadarin da ke cikin jar ƙwayar jini, ya yi gaba, S, nau'in da ke jawo sikila, ya biyo a baya. Mai AA layi ɗaya ne, mai AS biyu. In ruwan ya tsufa, ko wuta ta ɗauke aiki bai kammala ba, layukan sukan manne, mai gaggawa ya karanta AA. Shi ya sa ma'aikacin kirki ba ya gwada jinin kowa sai ya jera jinin da aka riga aka tabbatar AS ne a gefensa, ya zama ma'auni. In ma'aunin bai rabu biyu ba, aikin ranar duka ya ɓaci, sai sakewa.

Wani kuskuren ma tun a bakin taga ake yinsa. Na taɓa tsayawa a wani wuri na ga kwalabe huɗu a tire, an ɗebi jini ba a rubuta suna ba, wai sai layi ya ragu. Har yau abin yana damuna. Sannan ki tambayi yaron ko an yi masa ƙarin jini cikin wata 4 da suka wuce, don jar ƙwayar jini takan kai kwana 120 a jiki, ta wani na iya ruɗa sakamako.

Ku yi na uku a babban asibiti mai sashen nazarin jini, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. In da hali a nemi gwajin HPLC, wanda ke fitar da adadin kowane nau'i da lamba, ba da ƙiyasin ido ba. In lab mai zaman kansa ne, a duba ko yana da rajistar MLSCN, hukumar da dokar 2003 ta ɗora wa sa ido kan wannan sana'a. Tambayar ba rashin kunya ba ce, haƙƙinku ne.

Yarinyar ma a sake nata, rana ɗaya, wuri ɗaya, da wakili daga kowane gida. Kowa ya tsaya ya ga an rubuta sunansa a jikin kwalba kafin ya tashi daga kujera, a kuma kai wa likita sakamakon ya yi wa gidajen biyu bayani. Kafin nan, Hajiya, a ɗan dakata da haɗa lefen.