Shin manhajar kyauta za ta riƙe lissafin shago?

Wani mai sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Dole ta Damagaram ya aiko da tambaya. Ya sayi kwamfuta ta hannu domin rubuta basussuka da kayan da yake sarowa daga Kano, mai gyara ya ce zai saka masa Microsoft Office marar lasisi, ɗansa kuma ya ce akwai manhajoji na kyauta masu buɗaɗɗen tushe, wato waɗanda kowa zai iya duba yadda aka rubuta su ya kuma gyara. Yana son sanin ko abin kyauta zai riƙe masa amanar dukiya.

Alhaji, zai riƙe, kuma shawarata ita ce ka ƙi tayin mai gyaran, domin manhajar da aka fasa sau da yawa tana zuwa da ƙwayar cuta a ɓoye, kuma littafin bashi ba abin da za a yi caca da shi ba ne.

Ka fara da LibreOffice, manhajar kyauta mai yin irin aikin Microsoft Office, wadda gidauniyar The Document Foundation take kula da ita tun 2010. Tana aiki ba tare da intanet ba, ana iya mayar da ita Faransanci, kuma tana buɗe takardun Word da Excel. Ɓangarenta mai suna Calc ya isa ya ɗauki sunan mai bashi, ranar da ya karɓi kaya, adadin turame, abin da ya biya da abin da ya rage, sannan ya haɗa jimilla da kansa. Aibinta shi ne, takardar da aka ƙawata sosai a Word takan ɗan sauya fasali idan aka buɗe ta, saboda haka duk rasit da za ka aika wa abokin ciniki ka mayar da shi PDF tukuna. Ka kuma sa ɗanka ya daidaita ta ta riƙa adana aiki kowane minti biyar, tun da ka san halin wutarmu a lokacin zafi, kuma batirin kwamfutar hannu ba kasafai yake da ƙarko ba.

Akwai GnuCash, wadda aka yi musamman domin lissafin kuɗi, kuma ga mai saye da naira yana sayarwa da sefa tana da amfani ƙwarai, domin tana riƙe asusun kowane kuɗi daban tare da farashin canjin ranar da aka yi ciniki, ta yadda faɗuwar naira ko tashinta ba zai ɓoye maka ainihin ribarka ba. Sai dai ba zan ce ka shige ta yanzu ba. Tsarinta na rubuta kowane ciniki a gida biyu ne, inda kuɗi ya fito da inda ya shiga, kuma wanda bai saba ba zai rikita kansa cikin mako guda. Idan shagon ya kai matsayin gabatar da lissafi bisa SYSCOHADA, wato tsarin lissafin kamfanoni da hukuma take bi a Nijar da wasu ƙasashen Afirka, sai ka tuntuɓi akanta ya tsara maka asusun tun farko.

Batun sauya Windows da Linux Mint kuwa, wato babbar manhajar kyauta mai tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows take yi, ya taso ne kawai idan kwamfutar tana kan Windows 10, wadda Microsoft ta daina tallafa wa a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kafin a sauya, a gwada na'urar buga takardunka a tabbatar tana aiki da shi.

Kuɗin da za ka kashe a nan na filas biyu ne, wato 'yan na'urorin adana bayanai, da ladan wanda zai koya wa yaron shago. Kowace Alhamis bayan an tashi kasuwa a kwafi lissafin a kan duka biyun, ɗaya ya kwana a shago, ɗaya a gida, kuma kada a daina rubutu a littafin takarda sai an yi wata uku jimillar kwamfuta tana dacewa da tasa.