Sun ce mu kori kishiyar, kai kuma ka yarda?

Jiya muna rufe studiyo ka tare ni da tambaya, gajiya ta hana ni ba ka amsar kirki. Ka ce tun da kashi na 6 na wasan kwaikwayonmu na tele ya fita, duk fadar da ka zauna a Yamai zancen ɗaya ne: a fitar da kishiyar nan daga shirin don ta cika mugunta, a ƙara wa mai gadi lokaci tunda shi ke ba mutane dariya. Ka ce, "Maigida, tunda su muke yi wa, me zai hana mu ba su abin da suke so?" To, ɗana, ga amsarka.

Su muke yi wa, ban musa ba. Amma ka taɓa zama shagon tela? In mutum ya sa riga ya ce ta matse shi a hammata, gaskiya ya faɗa, jikinsa ne ya gaya masa. Sai dai ba shi zai nuna wa tela inda zai sa almakashi ba. Haka mai kallo yake. Abin da ya ji a ransa ka karɓa hannu biyu. Gyaran da ya kawo kuwa, ka ajiye shi ya kwana tukuna.

Matar da ke tsine wa kishiyar nan, je ka tambaye ta abin da kishiyar ta faɗa wa uwargida a bakin murhu a kashi na 4. Za ta maimaita maka shi kalma bayan kalma, har da hararar. Wannan matar ba ta taɓa barin kashi ɗaya ya wuce ta ba. Ka cire kishiyar, mako biyu za ta yi maka godiya, a na uku ta canza tasha, don gidan ya zama tuwo ba miya. Wanda nake tsoro shi ne wanda ya jawo waya yana latsawa alhali shirin na tafiya. Don haka in ka sake zuwa fada, ka zauna gefe, ka bar tele, ka kalli fuskokinsu. Inda mai shayi ya tsaya da buta a hannu ya manta da zubawa, rubuta wurin. Inda aka fara hirar ƙwallo, shi ma rubuta, nan ne za mu yanke.

Akwai inda ba a jayayya da su. Sun ce kallabin amarya ja ne da ta shiga ɗaki, ta fito da shuɗi: laifinmu ne. Sun ce ƙarar injin wuta ta danne magana: laifinmu ne, kuma mutum zai yafe maka hoto mai duhu kafin ya yafe maka murya da ba ya ji. Sun ce yaranmu na kwaikwayon Kananci kamar a fina-finan dandalin soyayya alhali labarin a Tawa yake: nan ma sun fi mu gaskiya, Ba'adare ya yi magana da bakin Adar.

Mai gadi kuwa gishiri ne. Minti 3 cikin 25 ya ishe shi. Ka ba shi 10, barkwancinsa zai ƙare kafin kashi na 9, ya koma yamutsa fuska da faɗuwa ƙasa. Kuma ka lura, kai da ke zaune kan montaj, wato yanka da haɗa hotuna: dariyar ba a bakinsa take ba, tana fuskar wanda ya gaya wa maganar. Daƙiƙa ɗaya hoto 25 ce. In ya yi maganarsa, ka koma kan Alhaji, ka bar shi kamar hoto 12 yana zare ido kafin ka yanke. Ka yanke da wuri, ka kashe dariyar. Ka daɗe, ta huce. Mu da muka tashi muna kallon wasannin Yazi Dogo a Tele Sahel mun san dariya tana ɗauke da kaya a bayanta, kana ƙyalƙyala kana jin ana taɓa halinka.

Ina tausayin yaron nan da ke fitowa a mai gadi ma. In muka bi bakin jama'a, shiri uku a jere mai gadi zai fito, a kasuwa a manta sunansa na yanka. Ran da suka gaji, waɗanda suka ɗaga shi su ne za su ce ba shi da wani sabon abu. Na ga haka ya ci ƴan wasa masu baiwa da idona. Shi ya sa a shiri na gaba matsayin uba zan ba shi, mai ƴa mara lafiya, ko da za a yi ta gunaguni wata guda.

Amma abin da ya hana ni barci a tambayarka ita ce yarinyar da ke fitowa a kishiya. Ka san Zalika Sule? Ya kamata duk mai riƙe kamara a ƙasar nan ya san ta. Tana budurwa ta fito a fim ɗin Mustafa Alasan a 1966, lokacin da mace a gaban kamara abin faɗa ce. Ta fito a Le Wazzou polygame na Umaru Ganda, a matsayin mata mai kishin da ya kai ga kisa, fim ɗin da ya ɗauko wa Nijar babbar kyauta ta farko ta FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1972. Ta iya wasan har mutane suka kasa raba ta da matan da take fitowa a matsayinsu, suka riƙa yi mata kallon mutuniyar banza a garinta. Fim ɗin da Rahmatu Keita ta yi a kan rayuwarta ya nuna ta cikin talauci a nan Yamai. Ta rasu a 2021, Allah ya jiƙanta. Ganda yana da babbar cibiyar al'adu da sunansa, kuma ya cancanta. Duk sanda na wuce ta wurin, Zalika ke faɗo mini a rai.

Tamu yarinyar, shekaranjiya wata ta tare ta a kasuwa ta ce mata Allah ya isa. Ta dawo tana dariya, amma na ga idonta. Tana da iyaye, tana da mai nemanta, danginsa kuma suna kallo. In muka kore ta, mun gaya wa gari cewa zagin daidai ne. In muka bar ta ita kaɗai da bakin mutane, mun ci amanarta. Don haka na je na gaida mahaifinta da kaina. Za mu kai ta hira a rediyo ta yi magana da muryarta, a ji ta gaishe da mutane. A kashi na 8 kuma akwai fitowar da na rubuta, tana zaune ita kaɗai da dare tana ninke kayan jaririn da ta rasa, ba ta ce komai ba. Muguntarta na nan, sai dai mai kallo zai san daga inda ta taso.

Wannan fitowar kai za ka haɗa ta. Kada ka sa mata kiɗa ko kaɗan, ka bar kukan gyare da motsin zane. Gobe ka zo kafin ƙarfe 8, mu fara da gyaran muryar tsakar gida tun unguwa ba ta cika da ƙarar babura ba.