Kafin ku sayar da gonar: amsa ga mai tambaya kan dashen ƙoda

Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Allah Ya ba maigidanki lafiya, Ya sa kaffara ce. Na karanta abin da kika rubuto: ya jima yana zuwa wankin ƙoda a babban asibitin Damagaram, ƙanwarsa mai shekara 25 ta ce za ta ba shi tata, dangi na shawarar a sayar da gonar Mirya a fita da shi waje, wani kuma ya ce ku dakata tunda an fara dasa wa mutane ƙodar alade a Amurka. Ni ba likita ba ne. Ƙoda guda gare ni, ɗayar tana jikin yayana shekaru ke nan, kuma tun ranar da aka sallamo mu ni ke riƙe da takardun maganinsa. Daga nan zan yi miki magana.

Kuɗin gona zai iya biyan tiyata, amma dashe ba ya ƙarewa a ɗakin tiyata. A nan ne mutanenmu da yawa suke faɗuwa. Jikin ɗan Adam ba ya yarda da naman da ba nasa ba, ko da na ɗan'uwansa ne ciki ɗaya, garkuwar jiki za ta taso masa kamar yadda take taso wa cuta. Dashen ƙoda na farko da ya ɗore, wanda Dakta Joseph Murray ya yi a Boston a 1954, ya ɗore ne don tagwaye ne masu kama ɗaya, jikin bai ga baƙo ba. Sauran jama'a sai da maganin danne garkuwa mai ƙarfi, siklosporin, ya shigo hannun likitoci wajen 1983 kafin dashe ya zama aikin yau da kullum. Yanzu galibi magani uku ake haɗawa: takrolimus, mikofenolat da firednisolon. Biyun farko safe da dare, tsakaninsu awa 12, muddin ƙodar tana jikinsa. Ba a hutu, ba a cewa yau na ji sauƙi. Wanda ya yi ƴan kwanaki bai sha ba yana iya rasa ƙodar, kuma sau da yawa ba ya jin ciwon komai sai gwajin jini ya nuna ɓarna ta riga ta yi nisa.

Takrolimus ɗin ma ba a shansa da ka. Ana ɗibar jini da safe kafin a sha, a auna yawansa. Ya yi ƙasa, jiki ya ƙi ƙodar. Ya yi sama, shi kansa maganin ya lalata ta, ga karkarwar hannu, ga ciwon sukari da yake jawo wa wasu. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin wannan awon ba, mu Kano muke bi dominsa. Ga wani abu da ba a cika gaya wa mutum ba sai ya je biyan kuɗi a farmasi: yawancinmu baƙar fata hantarmu na narkar da takrolimus da sauri, saboda wata ƙwayar halitta da likitoci ke kira CYP3A5. Abin da zai ishi Bature mu sai an ƙara, wani lokaci har ninki biyu. Don haka in wani ya ba ku lissafin kuɗin magani na wata, ku ɗora a kai.

Sai ki tuna 2023, da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya bayan juyin mulki. Hanyar Matamai ta tsaya, maganin da muke ɗaukowa daga Kano ya zama sai an bi ta hannun wane da wane. Abin da ya cece mu shi ne ajiyar watanni da muka saba yi a gida. Ba a fafe gora ranar tafiya: kafin a yanka kowa, a zauna a rubuta wa zai riƙa biyan maganin nan bana da baɗi da shekara goma masu zuwa, kuma daga ina zai fito. In gonar ce ke ciyar da gidan, sayar da ita na nufin an biya tiyata an toshe hanyar magani. Ni da an tambaye ni, gara dangi su haɗa kuɗin tiyatar, gonar ta zauna tana biyan farmasi.

Ban faɗi wannan don in karya miki gwiwa ba. Dashe ya fi wanki nesa ba kusa ba. Yayana da ba ya iya hawa babur, an auna masa ruwan da zai sha a kofi, yanzu yana shagonsa a Kasuwar Dole. Ƙodar mai rai, in an kula da ita, takan kai shekara 15 zuwa 20, kuma a asibitocin kirki fiye da 9 cikin 10 suna aiki lafiya bayan shekarar farko.

Yanzu maganar ƙanwar, wadda ita ce ta fi damuna a tambayarki, don kowa idonsa na kan mara lafiya, ba mai kallon wanda za a yanka lafiyarsa ƙalau. Tiyatar kanta haɗarinta kaɗan ne. Da ana cewa mutum 3 cikin 10,000 ke rasuwa, wani bincike da aka fitar a Amurka a 2024 ya nuna abin ya sauko ƙasa da 1 cikin 10,000. Amma wancan lissafin nasu ne, na mutanen da aka tace sosai kafin a taɓa su. Yarinya mai shekara 25 tana da shekara hamsin a gabanta da ƙoda guda, in Allah Ya ba ta rai, ga haihuwa. Wani bincike daga Kanada da ya fito a 2015 ya gano cewa a cikin matan da suka ba da ƙoda sannan suka ɗauki ciki, 11 cikin 100 sun samu hawan jinin ciki ko ciwon da ke kai wa ga jijjiga, sauran mata kuwa 5 cikin 100. Yawancinsu sun haihu lafiya, amma a garin da awon ciki ke hannunsu. Ki auna wannan da macen da za a iya aurar da ita wani ƙauye bayan Tanut.

Akwai kuma abin da ya shafe mu ƴan Afirka ta Yamma kai tsaye. A 2010 masana suka gano alaƙar ciwon ƙoda da wata ƙwayar halitta mai suna APOL1, wadda wasu nau'o'inta suka yaɗu a yankinmu don suna kare mutum daga ciwon barci, amma suna raunana ƙoda. Wani babban bincike a Najeriya da Gana da aka buga a 2024 ya samu kusan 3 cikin 10 na mutanen da aka auna suna ɗauke da kwafi biyu na nau'in mai haɗari. Abin gado ne. In ciwon maigidanki daga nan ya samo tushe, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya tana iya ɗauke da irinsa ba ta sani ba. Likitoci har yanzu suna muhawara kan ko a hana irin wannan mutum bayarwa gaba ɗaya, ana ma gudanar da bincike a kai a Amurka. Ku tambayi likitan ƙoda me ya kashe ƙodar mijinki tun farko, hawan jini ne, sukari ne, ko ba a gano ba, kuma ko cibiyar da za ku je tana gwajin APOL1. In ba a san musabbabin ba, kuma akwai wani mai ciwon ƙoda a gidan, ni dai ba zan yarda a taɓa ƴar shekara 25 ba.

Sannan a bar ta ta gana da likita ita kaɗai, ba uwa ba kawu. Na san gidajenmu. Da zarar an ce wa zai bayar, maza sai su tuna suna da iyali, ido ya koma kan ƙanwa ko matar da ba ta iya cewa a'a. Cibiya ta gari tana da hanyar da in mutum ya ce a asirce ba ya so, za a gaya wa dangi bai dace ba kawai, ba a tona shi. Ni na shiga da shekaruna sun haura arba'in, na gama ganin ƴaƴana, kuma duk da haka har yau ina awon jini da fitsari kowace shekara, ba na taɓa diklofenak ko ibuprofen na masu tallar magani a tire, ko da baya zai karye.

Ba dole sai ɗan'uwa na jini ba, wannan ma ki sani. Mata na ba miji, aboki na ba aboki, kuma sakamakon yana da kyau. Abin da ake fara dubawa rukunin jini ne: mai O yana ba kowa, mai AB yana karɓa daga kowa, alamar fozitif ko negatif ba ta hana komai. Daga nan sai a haɗa jinin mutum biyun a ga ko na mai karɓa zai far wa na mai bayarwa. A nan ne ƙarin jini ke yin ɓarna: duk ledar jinin da aka ƙara wa mai wanki tana iya koya wa garkuwarsa ƙin jikin wasu. In kuna da niyyar dashe, ku gaya wa likitansa tun yanzu don a rage ƙarin jini iya yadda za a iya, a dogara da allurar ƙara jini da sinadarin ƙarfe. Za a kuma duba su duka biyu kan ciwon hanta, ƙanjamau, tarin fuka, sikila da tsargiya.

In wani ya tare ku a ƙofar asibiti ko ya kira a WhatsApp ya ce yana da yaro mai sayarwa, ku rufe wayar. Mu ma an tare mu. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1988 ta halatta dashe, ta haramta cinikin gaɓa. Sanarwar Istanbul ta 2008 ita ce matsayar likitocin duniya a kan haka, dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ma ta hana. Kun ji abin da ya faru da Sanata Ike Ekweremadu, wanda kotun Landan ta ɗaure shekara 9 da wata 8 a 2023 kan yaron da aka kai don a cire masa ƙoda. Ko a bar maganar kotu, ƙodar da aka saya a ɓoye ba a tace mai ita yadda ya kamata, ana dawowa da ciwon hanta ko ruɓewar ciki, babu takardar da likitan gida zai kama.

Ƙodar alade kuwa gaskiya ce, ba ƙarya aka gaya muku ba, sai dai ba taku ba ce tukuna. Aladun da aka sauya wa ƙwayoyin halitta ne don jikin mutum ya rage ƙin naman. A Janairun 2022 aka dasa wa David Bennett zuciyar alade a Maryland, ɗaya daga jagororin aikin ma Musulmi ne, Dakta Muhammad Mohiuddin. Ya rayu wata biyu, daga baya aka samu ƙwayar cutar alade a zuciyar. A Maris 2024 aka dasa wa Richard Slayman ƙoda a Boston daga aladen da aka yi wa gyara 69, ya rasu bayan kusan wata biyu. Towana Looney ta zauna da tata kwana 130 kafin a cire, Tim Andrews kwana 271, su biyun suka koma wanki. Ci gaba ne babba, kuma a 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta ba da izinin gwaji a kan mutane da dama. Amma gwaji ne, ana zaɓen masu shiga ɗaya-ɗaya, kusa da asibitin suke kwana, kuma maganin danne garkuwar da suke sha ya fi na yayana nauyi. Hukuncinsa a addini na bar wa malamai, su suka san babin larura. Mutumin da ke kan mashin yau a Damagaram ba zai jira wannan ba.

Binciken da ni na fi sa wa ido shi ne na raba mutum da maganin: ana ɗibar ƙwayoyin ɓargon mai bayarwa a zuba wa mai karɓa don garkuwarsa ta saba da ƙodar, kuma a gwaje-gwajen Amurka wasu da jikinsu ya dace sosai da na ƴan'uwansu sun daina shan magani. Ranar da wannan ya iso mana, rabin abin da na rubuta a sama ya faɗi. Akwai kuma musayar masu bayarwa tsakanin gida biyu in jini bai dace ba, wanda ba ya buƙatar sabuwar fasaha, tsari kawai yake so.

Game da inda za a je, kusa ya fi nesa in aikin na da kyau. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana dashe tun 2002, Senegal ta fara nata a Nuwamban 2023. Masu zuwa Indiya, Masar, Tunisiya ko Turkiyya suna samun ƙwararru, amma watanni ukun farko ne lokacin da ƙin ƙoda da kamuwa da cuta suka fi yawa, kuma wanda ya yi maka aiki yana bayan teku ba zai ga kumburin ƙafarka ba. Kano kuwa ka tashi da asuba ka isa kafin la'asar. Duk inda kuka zaɓa, likitan ƙodarsa na nan ya san da tafiyar, shi zai karɓe shi in ya dawo, kuma kada ku baro can sai da cikakken rahoton tiyata da sunan kowane magani da awonsa.

Bayan dawowa, ƙananan abubuwa ke kayar da mutum. Zafin Afrilu da ƙarancin ruwan garin nan: dole ya sha ruwa sosai, kuma tafasasshe ko na kwalba, don gudawa tana busar da ƙodar tana kuma hauhawar da takrolimus a jini. Gidan sauro ba fashi. Zazzaɓi ko na yini ɗaya ne, asibiti. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe a ajiye su. In aka ce yana da tarin fuka, a gaya wa likitan ƙoda kafin ya haɗiyi ƙwaya ɗaya, don maganin tarin fuka mai suna rifamfisin yana kwashe takrolimus daga jini, an sha rasa ƙoda ta wannan hanya. Azumi kuma likita zai ce ya yi ko kada ya yi, yayana bai ɗauka ba a shekarar farko.

Ranar wankinsa mai zuwa ki bi shi, ki nemi ganin likitan ƙoda da kanki, ki tambayi musabbabin ciwon, ko zuciyarsa za ta ɗauki tiyata, da rukunin jininsa. Ki sa a auna naki, da na ƴan'uwansa maza da suka manyanta, kafin a sake ambaton sunan ƙanwar a zaman dangi.