Shin Daular Qin ce ta gina Babbar Ganuwar Sin?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ganuwar da ake gani a hotuna aikin Daular Qin ce. A'a, amma tana da hannu a tarihinta.

Qin Shi Huang, sarkin Qin, ya haɗe ƙasar Sin a shekarar 221 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya tura janar Meng Tian arewa ya haɗa tsofaffin ganuwoyin masarautun da aka ci da yaƙi, don tare mahayan Xiongnu, makiyayan da ke kawo hari daga arewa. Yawancin ginin ƙasa ce da ake dannewa tsakanin alluna, ko duwatsun wurin, shi ya sa ruwa da iska suka cinye mafi yawansa. Ganuwar bulo ta Badaling, kusa da Beijing, irin wadda ake gani a hotuna, aikin Daular Ming ce (1368 zuwa 1644).

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne rikita Daular Qin da Daular Qing. Qin ta rushe a 206 kafin haihuwar Annabi Isa, Qing kuwa ta kai har 1912.

In don aikin makaranta ne, ka nuna wa malamin tarihi shekarun kafin ka miƙa, domin littattafai kan saɓa a shekarar faɗuwar Qin, wasu 207, wasu 206.